Bakin Masu Tukwane

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aiki. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar kakana, Baba Tsoho, da za ki ji labarinta a ƙasa. Inna tana gaishe ki. Ruwa ya sauka, an fara haƙo yumɓu.

Ban sani ba ko za ki tuna ni. Ni ce 'yar marigayi ɗan baffanki, wadda ake ce wa Shiru. Sau ɗaya kika gan ni, lokacin rasuwar Baba, kuma an ce ɓuya na yi a bayan randa har kika tafi. Na rubuto da harshen gari ne don kin san namu ba a rubuta shi. Waya kuma ba ta kamawa a bayan dutse, dole sai ta hannun direban motar kasuwa.

Direban ya ba ni saƙonki, cewa idan na ci jarrabawa in taho wurinki in shiga makarantar koyon jinya da ke kusa da inda kike aiki. Goggo, na ci. Na yi kwana biyu ina ɗauke da labarin kafin in iya faɗa wa kowa.

Amma ga matsalar. Tun ina aji ɗaya na sakandare ni ce bakin unguwarmu, wato mai yi musu tafinta. Duk gidajen masu tukwane da ke bayan dutse, babu mai jin harshen gari sai ni. Idan jaririn wani ya kwana da zazzaɓi, ni ce a gaba. Idan an kira mu ofis a kan ramin yumɓu, ni ce. Idan jakin wani ya shiga gonar mutanen gari, ni za a tura in sha zagin. Har a aji ake leƙowa ta taga a kira ni, 'yan ajinmu su ce, “Tashi, mutanenki sun zo.” A asibiti muna da bencinmu na can ƙarshe, kusa da famfo. Ba wanda ya ce mu zauna a nan, amma ba mu taɓa zama a wani wuri ba.

Da na gaya wa Baba Tsoho maganar makaranta, yana cikin taka yumɓu, bai ma tsaya ba. Ya ce, “Ki tafi ki bar mu bebaye?” Shi ke nan abin da ya ce. Kin san maganarsa ita ce ta unguwa.

Ƙafar kuwa, wani ɗan miki ne a ƙasan babban yatsa da ya ƙi warkewa. Malamar asibiti ta ce yana da ciwon suga.

Ina roƙonki ki rubuto masa. Wataƙila ke ya saurare ki.

'Yarki,
Shiru

*

Shiru 'yata,

Na gaishe ki, na gaida uwarki, na gaida ƙafar Baffa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayana da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na tuna ki sarai. Ƙafafunki kawai na gani a bayan randar, amma ƙafafu ne na mai hankali.

Barka da cin jarrabawa! Na yi guɗa a ɗakin wanki har shugabarmu ta leƙo ta ga ko wuta ce ta kama. Ni nake goge fararen rigunan ɗaliban nan, kullum ina ninkewa ina cewa ko yaushe zan goge ta ɗan gidanmu. Na share miki gefen ɗaki, na matsar da akwatina. Katifar ba sabuwa ba ce, amma ba ta cizo. Ana rufe ɗaukar ɗalibai da ƙarewar damina, kuma ba sa jiran kowa.

Labarin baki kuwa, kada ki koya mini. Kafin ke, da malamin nan da ya riƙe aikin har ya rasu, ni ce. Na yi shekaru ina tsaye tsakanin mutane biyu, wannan ya tofa mini, wancan ya tofa mini, ni kuma in haɗiye in fito da murmushi. Ranar da na hau mota ban yi wa kowa sallama ba, shi ya sa har yau ake kirana wadda ta gudu.

Ga saƙon Baffa. Ki karanta masa yadda na rubuta, kada ki rage ko ɗigo: “Baffa, yarinyar nan ba akuyarka ba ce da za ka ɗaure a turke. Ka cinye ƙuruciyata, ba za ka cinye tata ba. Ka sake ta.”

Uwarki har yanzu tana kai tukwane kasuwa? Ki ce mata ina tambaya.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi. Muna lafiya. Inna ta ce a gaya miki tana zuwa kasuwa kamar kullum. Da na faɗa mata tambayarki sai ta dube ni, ta ci gaba da shafe wuyan tulu, ba ta ƙara komai ba.

Goggo, ban karanta yadda kika rubuta ba. Kin san ƙa'idar da aka ɗora mu a kai: baki ba ya kai wa babba magana da zafinta, sai ya fifita ta ta huce. Na tsuguna a gabansa da takardar, dattawa biyu suna gefe, na ga kalmar akuya, sai na tsallake ta. Na ce, “Goggo tana gaishe ka, tana roƙon ka duba maganar karatuna idan ka samu sarari.” Ya gyaɗa kai ya ce, “Allah ya yi mata albarka. Ashe birni ya koya mata ladabi.” Na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar Laraba muka kai shi asibiti, ni da Inna. Ita ta riƙe masa sanda. Malamar ta kwance tsumman da ya ɗaure ƙafar, ta kawar da kai, ta ce, “Wai ku mutanen bayan dutse sai abu ya ruɓe kuke kawo shi?” Wannan ban fassara ba. Ta wanke, ta sa magani, sannan ta ce mini, “Gaya wa kakanki, idan ya sake sa ƙafar nan a laka, yanke ta za a yi. Ki faɗa masa haka, kin ji?”

Na juya. Yana zaune a kan gadon, hularsa a gwiwa, yana jirana kamar yaro. Mutumin da tun kafin a haifi Baba yake taka yumɓun unguwa, wanda yake cewa tafin ƙafarsa ne kaɗai ya san lokacin da laka ta nuna. Yaya zan ce masa yanka? Na ce, “Ta ce ka riƙa hutar da ƙafar, za ta fi saurin warkewa.” Ya ce, “To, ki ce mata na gode.” Inna tana kallon siminti.

Ina ganin bana ba zan iya tahowa ba. Akwai wanda ba zan iya tafiya in bari a halin da ake ciki ba. Ki yafe mini wahalar share ɗaki.

'Yarki,
Shiru

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa. Ban ji daga gare ki ba. Rafi ya cinye hanya, motar kasuwa ta daina zuwa, don haka ban sani ba ko hanya ce ta riƙe amsarki ko fushi ne. Idan fushi ne, na cancanta. Wannan zan ba mai gawayi da zai tsallaka da ƙafa, ya miƙa wa direba.

Ba mu da lafiya sosai. Baba Tsoho ya huta kamar yadda na ce masa, hutun kwana kaɗan, sannan ya koma rami. Ya ce ai ya hutar da ita. Na tsaya a bakin ramin ina kallon laka tana shiga tsumman, amma ban gaya masa gaskiyar ba. Yanzu yatsan ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu, ɗakinsa yana wari. Ba ya kuka, amma ya daina tsokanar jikoki.

Shekaranjiya muka je ɗebo itacen gasa tukwane ni da Inna. Muna dawowa, tana gaba ina baya, ba ta ko waiwayo ba ta ce, “Ba hutu ta ce ba. Yanka ta ce.”

Na tsaya cak. Na ce, “Inna, wa ya gaya miki?”

Ta ce, “Kunnena.”

Goggo, Inna tana jin harshen gari. Tana ji tsaf. Ta ji har maganar ruɓewa da na ɓoye. Shekara da shekaru tana zaune a kasuwa tana ciniki da yatsu kamar kurma, ashe babu abin da ke wuce ta. Na sauke itacen a tsakiyar hanya. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar na ce, “Kina ji, kika bari ana fitar da ni daga aji? Kina ji, kika bari ina tsayawa gaban manyan maza a ofis ina rawar jiki?”

Ta ce, “Na ga abin da aka yi wa goggonki. Wadda ta ji, ba ta sake zama a gindin tukunyarta. Da me zan ciyar da ke bayan ubanki?”

Na ce, “To ni fa?”

Ta ɗora mini itacen a kai, ta gyara mini gammo, muka taho. Tun ranar muna kwana ɗaki ɗaya, muna cin abinci kwano ɗaya, amma gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ban san abin da zan yi ba. Idan na tona ta, na jefa uwata a ramin da nake son fita. Idan na yi shiru, na zauna. Ga kuma ƙafar da na fifita wa magana har ta ruɓe. Duk inda na juya bango ne.

'Yarki,
Shiru

*

Shiru,

Ina lafiya, ina fatan wannan ta same ku da sauƙi. Ba fushi ba ne. To, da farko fushi ne. Da na karanta “akwai wanda ba zan iya bari ba”, na ce shi ke nan, wani mai gashin baki ya shiga tsakani. Na zauna na cika shafi biyu da faɗa, har na tsare direba a tasha na ce ko shi ne. Bawan Allah ya rantse mini da 'ya'yansa shida. Sai hanya ta yanke, takardar ta kwana a aljihunsa har wasiƙarki ta gaba ta iso. Na karɓe abata na yaga. Ashe saurayin naki Baffa ne.

Yanzu ki saurare ni. Na san uwarki tana ji, shi ya sa na tambaya. Ba ita kaɗai ba ce. Duk macen unguwar nan da ta shekara goma a kasuwa tana ji, ko da rabi-rabi. Mazan ne ba sa ji, don su suna rami, kuma ba su taɓa tambaya ba. Mace ta nuna tana ji, a ce zuciyarta ta koma gari, sannan a mayar da ita 'yar aiken kowa. Ga shi kuma a kasuwa kurma ta fi kowa sanin abin da masu saye ke ƙullawa. Kowace ta rufe bakinta ta bar wa yarinyar makaranta. Ni ma haka suka yi mini, kuma na daɗe ban yafe ba.

Amma kada ki tona ta. Sirrinta ne, da shi ta rene ki. Ki yi fushi da ita a ɗaki, wannan hakkinki ne, ban da tsakar gida.

Maganar ƙafa ita ce ba ta jira. A nan nake wanke zannuwan ɗakin da ake kwantar da irinsu, na san yadda abin yake ƙarewa. Ki kai masa maganar da zafinta. Idan ya ƙone, ya ƙone. Gara harshe da ƙafa. In kuwa ba za ki iya gaya wa tsoho ɗaya gaskiya ba, me za ki zo yi a makarantar jinya? A nan kullum abin da ake yi ke nan.

Ruwa ya fara ja baya. Na je na tambaya, sun ce ƙarshen watan nan za su rufe. Katifa tana nan. Ban mayar da akwatina ba.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, kuma kin nemi gafarar direba. Hanya ta buɗe. Baba Tsoho yana raye, ƙafarsa tana jikinsa, sai yatsa ɗaya da ya tafi. Bari in ba ki labarin daga farko.

Na karanta wasiƙarki har na haddace. Na yi niyyar faɗa masa a gida, na je ƙofar ɗakinsa sau uku ina dawowa. Ranar da muka koma asibiti, a kan jaki muka ɗora shi don ba ya iya takawa. Maza biyu suka raka mu, da Inna. Muka zauna a bencinmu har aka gama da kowa.

Da malamar ta buɗe ƙafar ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ce, “Yarinya, me kika gaya masa wancan karon?” Na sunkuyar da kai. Ta ce, “Yau ɗin nan za a wuce da shi babban asibiti. Yatsan ya mutu. Idan aka cire shi yau, wataƙila a tsira da sauran. Laka kuwa, shi da ita har abada. Faɗa masa.”

Ɗakin ya cika, don mazan sun shigo, ga masu jiran allura a bakin ƙofa. Baba Tsoho ya ce, “Me ta ce, Shiru?” Goggo, na shirya kalmomin, suna nan a bakina. Sai na ji kaina ina cewa, “Ta ce akwai wani asibiti da ya fi wannan magani, idan ka ga dama...”

Sai na ji murya a bayana, da harshen gari.

“Malama. Ƙafa. A yanke duka, ko a rage?”

Inna ce. Da irin muryar ciniki ta faɗa, don irin wannan maganar kaɗai ta iya, kamar tana taya tulu. Masu jiran allura suka kwashe da dariya, wata ta ce, “Lallai, ashe kurmar tukwane tana magana!” Malamar ba ta yi dariya ba. Ta dube ta ta ce, “Idan yau ne, a rage. Idan jibi ne, duka.”

Kin san Inna ba ta taɓa yi wa Baba Tsoho magana kai tsaye ba tun da aka kawo ta gidan. Ko ruwa za ta ba shi, sai ta ajiye ta ja baya. Ranar ta zagayo gabansa, ta durƙusa, ta ce da yarenmu, “Baba, yatsanka ya mutu. Yau za a cire shi, in ba haka ba ƙafar ce duka. Ba za ka sake taka yumɓu ba. Tun wancan zuwan aka faɗa, yarinya ta ji nauyinka, ni kuma na ji na yi shiru.”

Ɗaya daga cikin mazan ya ce, “Ke, surukinki kike gaya wa haka?” Baba Tsoho ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya sa hularsa ya ce, “A nemo mota.”

Ni na bi shi babban asibiti, na yi jinyarsa har aka sallame mu. Bai yi mini maganar ba ko sau ɗaya. Sai a motar dawowa, muna hango dutse, ya ce, “Ashe baki biyu ne a gidana, ɗaya yana fifita, ɗaya yana ɓoyo.” Ya ce, “Wannan goggon taki, da gaske gaisuwa ta aiko mini?” Na ce a'a. Ya ce, “Na sani. Ba ta taɓa gaida kowa ba. Me ta ce?” Na faɗa masa, har da akuyar. Ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya yi tsaki. Ya ce, “To, a kwance akuya. Tunda uwarta tana ji, ta isa.”

Na zaci zan yi murna. Da muka iso gida na tarar da mutum uku a ƙofar ɗakinmu, ba ni suke jira ba. Tun ranar asibiti labari ya zaga. Mai jariri, mai rigimar gona, mai takardar ofis, duk Inna. Sauran matan kuwa ko ɗaya ba ta nuna ita ma tana ji ba, har da masu ce mata, “Ashe haka kike?” A kasuwa masu saye sun daina magana a gabanta. Tukwanen da ta gina kafin mu tafi sun bushe sun wuce lokaci, rabinsu sun tsage, don kullum tana hanya. Ba ta iya karatu ba, kuma kalmomin asibiti ba ta san su ba. Idan mun zauna da yamma sai ta ce in koya mata, tana nuna jikinta ina faɗa, tana maimaitawa kamar 'yar aji ɗaya.

Na ce mata zan zauna zuwa baɗi, in taya ta. Ta ce, “Kin ga na ɓata bakina a banza ke nan? Ki tafi tun ban yi nadama ba.” Na ce, “Inna, ki yafe mini abin da na faɗa a hanyar itace.” Ta ce, “Gaskiya kika faɗa. Miƙo mini wancan zanen.”

Yau da safe na ga ta fita bayan wani mutum da jakinsa ya yi ɓarna, tana goge laka a gefen zane, tana motsa leɓe, tana gwada abin da za ta ce. Haka ni ma nake yi. Igiyar ba ta tsinke ba, Goggo, wuya kawai ta sauya, kuma ni na san nauyinta.

Zan taho a motar kasuwa ta mako mai zuwa. Idan na sauka a tasha na kasa magana, za ki gane ni da tulun da zan rungumo. Inna ta ce a kawo miki. Shi ne na ƙarshe da ta samu sararin gasawa.

'Yarki,
Shiru